Yadda ake ci gaba da shayarwa bayan an koma aiki

Ranar Litinin ɗin da na koma aiki bayan haihuwata ta fari, kafin azahar gaban rigata ya jiƙe sharkaf. Ina zaune gaban kwamfuta, nono ya cika ya yi tauri, na ja hijabi na rufe ina ta duban agogo. Ban tatsa ba. Ban san ana tatsa a ofis ba, kuma ko da na sani, kunya ba za ta bar ni ba. Haka na riƙa yi kullum: in bar gida bakwai da rabi, in dawo unguwarmu Kinkinau a nan Kaduna da la'asar sakaliya, sannan yaro ya sha. Cikin mako uku rigar ta daina jiƙewa, har na ji daɗi, ashe ruwan ne ke janyewa. Kafin ya cika wata biyar madarar gwangwani ta zama abincinsa, albashina kuwa ya ji a jikinsa. A gida aka ce aiki ne ya ƙafar da nonon, ni ma na yarda.

Sai a haihuwa ta biyu wata nas a wajen awo ta warware mini zancen. Nono yana kawo ruwa ne gwargwadon abin da aka cire daga cikinsa. Yaro ya sha ko an tatse, jiki ya sake kawo wani. In kuwa ana barinsa a cike awa takwas ko tara kullum, sai jiki ya ɗauka yaron ya rage buƙata, ya rage kawowa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya ginu. Da shi na kai yarana biyu na baya wata shida a kan nono zalla ina zuwa aiki, cikin zafin garin nan da ɗaukewar wutarsa.

Ki fara sanin hutun da ya kamace ki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla wata shida, ba ruwa ba koko, sannan a ci gaba da ba shi tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Shekara biyun nan mun riga mun san ta a aya ta 233 ta Suratul Baƙara. Inda gizo ke saƙa shi ne hutun yawancinmu bai kai wata shida ba.

Idan ke ma'aikaciyar gwamnatin Jihar Kaduna ce, tun 2019 aka mayar da hutun haihuwa wata shida, don haka kina komawa ne daidai lokacin da yaro zai fara cin abinci, aikinki ya yi sauƙi. Ma'aikatan tarayya aƙalla mako 16 ne, kuma ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun ba mai shayarwa awa biyu a kowace rana na tsawon wata shida bayan ta dawo. Mu na kamfanoni da makarantun kuɗi, sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ne madogararmu: mako shida kafin haihuwa, shida bayanta, da rabin awa sau biyu a rana a cikin lokacin aiki don shayarwa. Wannan rabin awa sau biyu ki riƙe shi da kyau, shi ne lokacin tatsarki. Da yawa daga shugabanninmu ba su ma san yana cikin doka ba.

Kada ki bari sai ranar komawa ki tayar da maganar. Ki leƙa ofis ko ki rubuta wa mai kula da ma'aikata tun da saura mako biyu. In namiji ne kuma nauyin maganar ya dame ki, ba sai kin yi dogon bayani ba: “Yallabai, ina shayarwa, zan buƙaci minti talatin da hantsi da minti talatin bayan azahar, da wani ɗaki mai ƙofa.” Ni da na faɗa, shi ya fi ni jin kunya, nan take ya ce a ba ni makullin ɗakin ajiyar takardu. In an ba ki zaɓi, ki koma ranar Laraba ko Alhamis, don makon farko ya zama gajere.

Koyon tatsa, tun da saura mako uku

Ki fara da hannu, ko da kin sayi inji. Hannu ba ya buƙatar wuta, ba ya lalacewa, ba a mantawa da shi a gida.

Ki wanke hannu da sabulu. Ki tanadi kofi mai faɗin baki wanda kika wanke kika ɗauraye da tafasasshen ruwa. Ki zauna ki natsu, ki ɗora tsumma mai ɗumi a kan nonon na minti biyu, ki shafa shi a hankali daga sama zuwa wajen kan. Sai ki sa babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, suna kallon juna, kamar faɗin yatsa biyu baya da kan nonon, wato wajen bakin baƙin da'irar nan. Ki danna ciki wajen ƙirji, ki matse yatsun biyu, ki saki. Danna, matse, saki, a kai a kai, kamar yadda yaro ke tsotsa. Kada ki ja kan nonon, kada yatsunki su riƙa zamewa a kan fata, wannan ciwo kawai yake jawowa. Da farko ɗigo-ɗigo za ki gani, bayan minti ɗaya ko biyu sai ya kawo, ya fara tsartuwa. In ya rage gudu, ki matsar da yatsun zuwa wani gefe, sannan ki koma ɗaya nonon. Ki yi ta musanyawa har minti ashirin zuwa talatin.

Ranar farko kila cokali biyu za ki samu. Kada wannan ya karya miki gwiwa, kuma kada ki auna ruwan nononki da shi, domin yaro ya fi kowane hannu da kowane inji iya cirewa. Lokacin da ya fi albarka shi ne da safe, kamar awa guda bayan shan asuba. Wata dabarar kuma, yana shan ɗaya kina tatsar ɗayan, tunda shi ya riga ya kira ruwan. Sau ɗaya a rana ya isa a wannan mataki. Ba rumbu za ki cika ba, abin kwana ɗaya ko biyu kawai kike nema.

Maganar inji: akwai na hannu, akwai na lantarki. In za ki sayi na lantarki, ki sayi mai caji, kuma mai baki biyu ya fi rage lokaci, minti goma sha biyar an gama. Abin da ba a faɗa wa mutane a kanti shi ne mazurarin da ake kifawa a kan nono girma-girma ne. In kan nononki yana gugar gefe, ko inji yana zuƙe baƙin da'irar da yawa zuwa ciki, ba girmanki ba ne. Tatsa ba ta da zafi. In kin ji zafi, ki rage ƙarfin zuƙar ko ki sauya mazurari. Ƙure inji ba ya ƙara ruwa, sai dai ya tsaga miki fata. Na aro ko na gwanjo kuwa, ni ban ba da shawara ba, sai in duk sassan da nono ke taɓawa sababbi ne.

Nawa zai sha

Wannan tambayar ce ke hana uwa barci. Jariri daga wata ɗaya zuwa shida yakan sha kimanin mililita 750 a kwana guda, wani ya ɗara wani ya gaza. Lissafin da ake yi shi ne mililita 25 zuwa 30 a kowace awa da ba kya nan. In kina fita bakwai da rabi ki dawo biyar saura, awa tara ke nan, wato mililita 225 zuwa 270. Ledar fiya wata mililita 500 ce, ki ga wajen rabinta ake magana. Da na gane haka sai hankalina ya kwanta, don a da ina ganin sai na cika kwalabe manya.

Ki raba shi gida uku, kowanne mililita 75 zuwa 90, a roba mai murfi mai ƙarfi ko kwalba. Kada ki zuba duka a mazubi ɗaya, don abin da yaro ya sa wa baki ya rage, awa biyu kawai yake da ita, daga nan sai zubarwa. Zubar da nonon da aka tatsa a ɗakin takardu, wadda ta yi ce kawai ta san zafinsa.

Kofi ko bulumboti, da kuma mai riƙon yaron

A asibiti kofi suke koyarwa, kuma suna da hujja: kofi ya fi sauƙin wankewa, bulumboti kuwa in bai wanku ba gudawa ce, sannan wani yaron in ya saba da saurin zubarsa sai ya fara yi wa nono fushi. Ana zaunar da yaro a cinya, a tallafi wuyansa, a sa ɗan ƙaramin kofi a kan leɓensa na ƙasa, a karkata har nonon ya taɓa leɓe, sai a tsaya. Shi zai riƙa lasa yana kurɓa. Ba a ɗura masa. Wannan kalmar ki nanata ta, don hannun iyayenmu ya saba da ɗura.

In bulumboti kika zaɓa, ki bari sai ya kai mako huɗu zuwa shida ya ƙware da kama nono. Ki sayi kai mai ƙaramar huda, a zaunar da shi, a riƙe kwalbar a kwance-kwance yadda ruwan ba zai kwararo ba, a riƙa tsayawa yana hutawa. Shan da zai ɗauke shi minti goma sha biyar a jikinki, kada a gama shi cikin minti uku. In aka yi wannan gaggawar, zai ƙare rabonsa kafin azahar, a kira ki a ce nononki ba ya isarsa.

Ko wanne ne, wani ne zai koya masa, kina wani ɗaki ko ma kin fita. Yaro yana jin ƙanshinki ba zai karɓi kofi ba. Kuma a gwada lokacin da bai galabaita da yunwa ba.

Yanzu ga babban aikin. Tatsa da ajiya duk masu sauƙi ne a kan shawo kan wadda za ta riƙe yaron. Ni surukata ce, Allah Ya saka mata da alheri. Ranar da na ce, “Hajiya, don Allah ko ya yi kuka kada a ba shi ruwa,” kallona ta yi ta ce, “Wannan zafin na bazara, ke ki sha ki hana shi? Ba kya tsoron alhaki?” Ban ja da ita ba. Na bi ta wajen maigidan, sannan ranar awo na ce ta raka ni, don na san abin da ba za ta karɓa daga bakina ba za ta karɓa daga bakin mai farin kaya. Nas ta gaya mata cewa kusan kashi 88 cikin ɗari na nono ruwa ne, kuma cikin jariri ƙarami ne, in ruwa ya cika shi ba wurin nono, ga shi ta ruwan ne ƙwayoyin gudawa ke shiga. Ta nuna mata yadda za ta gane ya ƙoshi: yana jiƙa kunzugu sau shida ko fiye a kwana, fitsarin ba ja ba, kuma nauyinsa na hawa a kati. Daga ranar Hajiya ta koma ƙirga kunzugu, ina shigowa za ta ce, “Yau huɗu tun fitarki.” Ki haɗa da maganar zuma: ba a ba yaron da bai shekara ba, ko lasawa, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta mai shanye jikin jariri.

Akwai kuma masu ƙyamar nonon da aka tatsa, suna cewa ya yi tsami ko iska ta shige shi. Ki nuna musu a firij tun kina gida. In ya kwana za su ga maiƙo ya taso sama, ƙasa ya yi tsararo. Haka yake, ba lalacewa ba ce, a juya kwalbar a hankali ya haɗe. Wanda ya lalace warinsa ba ya ɓuya, kamar madarar da ta ɓaci.

In gidan raino za ki kai, ki rubuta sunan yaro da kwanan wata a jikin kowace roba da alƙalamin da ba ya gogewa, ki kuma ja kunnen masu rainon. Bayan batun lafiya, akwai na shari'a: a mazhabar Malikiyya, nonon mace in ya isa cikin jariri a shekarun shayarwa, ko kaɗan ne, ko da kofi ne, ya zama ɗanta na shayarwa, aure ya haramta tsakaninsa da 'ya'yanta. Musanyar kwalba a gidan raino ba ƙaramin kuskure ba ne. In ta faru, a sanar da iyayen biyu, a rubuta a ajiye.

Yinin aiki

Ki shayar da shi da asuba, ki sake ba shi dab da fita ko da kin riga kin sa kaya. A jakarki: inji ko kofin tatsa, robobi uku wankakku, ƙaramar kula, ƙanƙara, ɗan tawul, sabulu, tsumman sawa cikin rigar mama, da gorar ruwan shanki. Ƙanƙarar ba sai ta kanti ba. Fiya wata biyu ko uku da suka daskare sun wadatar, in babu wuta a gida ki saya wajen masu ƙanƙara a hanya. Atamfa mai duhu da zane-zane ta fi rufa asiri a kan farin yadi. Doguwar riga mai zif a baya kuwa, ki ajiye ta sai ranar biki.

Ki tatsa duk bayan awa uku, gwargwadon yadda zai sha da kina gida. Ni nakan yi goma da rabi, sai bayan sallar azahar, in zan daɗe in ƙara ɗaya wajen la'asar. Haɗa tatsa da lokacin salla ya taimake ni ƙwarai, don ba mai tambayar inda na shiga. In taro ya ci lokacinki, minti bakwai ya fi babu. Tsallake lokaci ɗaya yau ba komai ba ne. Tsallake shi kullum shi ne abin da ya same ni a haihuwar fari.

Wuri: ɗakin ajiya, ofishin wata abokiyar aiki, ɓangaren mata na masallacin ma'aikata in ba kowa, ko cikin mota a rufe da mayafi. Ban da banɗaki. Abincin yaro ne, ba wanda ake dafa wa tuwo a can.

Wani lokaci za ki zauna ruwa ya ƙi kawowa. Abin da ke sakin nono wani sinadari ne a jiki da ake kira oksitosin, kuma fargaba da sauri suna danne shi. Kina jin takun mutane a bakin ƙofa, kina tunanin aikin da kika bari, ba zai zo ba. Ki kulle ƙofa, ki ja numfashi, ki buɗe hoton yaron ko ɗan bidiyonsa a waya. Ni 'yar hularsa nake sawa a jaka, in shinshina. Abin dariya ne a faɗa, amma yana aiki. Kuma ki daina kallon kwalbar, ki rufe ta da tawul.

Kin gama, ki rufe, ki rubuta lokaci, ki sa a kula. In ofis na da firij, ki sa robar cikin wata jaka mai sunanki, don akwai masu neman madarar shayi. Kayan tatsa a wanke su da sabulu bayan kowane amfani. In wajen aikinku ruwa na wahala, hannu da kofi biyu sun fi miki inji, ko ki tanadi mazurari biyu ki wanke duka a gida. A gida ki ware musu robarsu da sosonsu daban da na kwanuka, ki tafasa su minti biyar sau ɗaya a rana, ki kife su a kan tsumma mai tsabta su bushe da kansu.

Kafin ki taso ki kira gida: kada a ba shi na ƙarshen in kin kusa. Ko kina cikin cunkoson Kawo ne ko na hanyar Rigasa, a lallashe shi da goyo na ɗan lokaci. Ki iso ki wanke hannu ki zauna, girki ya jira.

Ajiya a garin da wuta ba ta da alƙawari

Ga ƙa'idar da likitoci suke bayarwa. Sabon nono a ɗaki, awa huɗu. A kula mai ƙanƙara, awa 24. A firij, kwana huɗu. A firiza, wata shida ya fi kyau, ana iya kaiwa shekara. Wanda aka narkar daga firiza, awa 24 a firij, kuma ba a mayar da shi ya sake daskarewa.

Amma awa huɗun nan an yi ta ne da ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba. A Kaduna cikin Maris da Afrilu zafin rana yana haura 35. A irin wannan lokaci ni ba na yarda nono ya wuce awa ɗaya zuwa biyu a waje, kula nake sa shi nan da nan. Da hunturu da tsakiyar damina an fi samun sarari. Sa robar cikin kwanon ruwan randa yana rage mata zafi, kuma ya fi barinta a kan tebur, amma randa ba firij ba ce, kada a kwanar da shi a haka.

Kwana huɗun firij ma na firij ne mai wuta dare da rana. In an ɗauke wuta, firij a rufe yana riƙe sanyi kamar awa huɗu, firiza cikakkiya kwana biyu, mai rabin kaya kwana ɗaya, muddin ba a buɗewa. Ki sa nono can ciki, ba a jikin ƙofa ba, ki kewaye shi da fiya wata masu ƙanƙara. In wuta ta dawo kika tarar da sauran ƙanƙara a cikin nonon, ana iya barinsa ya sake daskarewa. In ya narke gaba ɗaya amma da sanyinsa, a sha shi cikin awa 24. In ya ɗumame, a zubar.

Na taɓa tara roba goma sha ɗaya a firiza ina alfahari, taransifomar unguwarmu ta lalace muna Zariya wajen biki. Ranar na yi kuka kamar an yi mini sata. Tun daga nan na koma tsarin da nake ba kowa shawara in ba ta da sola: na yau na gobe. Abin da kika tatsa yau a ofis ya kwana a firij ko a kula da sabuwar ƙanƙara, gobe a ba shi. Na ranar ƙarshen mako shi kaɗai ke shiga firiza don Litinin, ko ki tatsa sabo ranar Lahadi. Roba biyu ko uku na ko-ta-kwana sun isa, in akwai maƙwabciya mai sola ki ajiye a wajenta. In za ki daskarar, kada ki cika robar taf, ruwa na kumbura. Kuma kada ki zuba sabo mai ɗumi a kan mai sanyi, ki bari shi ma ya yi sanyi tukuna.

Wajen ba shi, a tsoma robar a rufe cikin kwanon ruwan ɗumi na 'yan mintoci, a juya ta, a ɗiga a bayan hannu a ji. Ba a ɗora shi a wuta, ba a tafasa shi, ba a sa shi a na'urar ɗumama abinci ta lantarki, don tana zafafa wani wuri ta bar wani, ta ƙona bakin yaro. A fara da wanda ya fi daɗewa.

In abu ya karkace

Mako na biyu ko na uku yawanci ruwa kan ɗan ja baya. Maganinsa ƙarin cirewa: ki ƙara tatsa ɗaya da asuba, ki matsa nonon da hannu yayin da inji ke ja, in ya tsaya ki ƙarasa da hannu. Ranakun hutu ki ajiye inji da kofi, ya sha a jikinki duk lokacin da ya so. Shan dare kada ki yi saurin yanke shi, don da daddare ne sinadarin da ke haɗa nono ya fi yawa. Wasu yaran ma sukan ƙi ci sosai da rana su rama da dare. Yarinyata haka ta yi, in bar mililita 280 ta sha rabi. Tunda nauyinta na hawa, nas ta ce in ƙyale ta, barcina ne dai ya tafi.

Za a kawo miki kunun gyaɗa, kunun kanwa, zogale da su hulba. Ki ci ki ƙoshi, ki sha ruwa duk sa'ad da kika ji ƙishi, amma babu kunun da zai maye gurbin cire nono a kan lokaci. Kanwa kam a yi hattara da yawanta. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Sannan ki gaya wa duk mai rubuta miki magani cewa kina shayarwa: ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin estirojin da wasu magungunan mura suna rage ruwa. Kuma kada ki dogara da shayarwa ta hana ki ɗaukar ciki bayan kin koma aiki, kariyarta na raguwa in yaro ba ya sha a jiki a kai a kai. Ki je ki nemi tsarin da ya dace da mai shayarwa.

In azumi ya same ki a watannin nan, shari'a ta yi wa mai shayarwa rangwame in ta ji wa kanta ko ɗanta tsoro. Ki tambayi malami yadda ake ramawa. In kin ɗauka, ki mayar da babbar tatsarki bayan buɗe-baki da lokacin sahur, ki kuma sa ido a kan kunzugu.

Wani wuri a nono ya yi ƙullutu yana ciwo? Ki ci gaba da ba shi yana sha, ki ɗora tsumma mai sanyi bayan ya gama, kada ki murje shi da ƙarfi. In wurin ya yi ja ko ya ɗau zafi, ga zazzaɓi da rawar sanyi, kuma kwana ɗaya bai sauka ba, ki tafi asibiti, ko na shan-magani na unguwarku, ko Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko Barau Dikko. In aka bar shi ƙurji yake zama. Nonon wannan ɓangaren ba guba ba ne, yaro zai iya sha. Shi ma yaron, in fitsarinsa ya ragu sosai, ya yi laushi, maɗigarsa ta faɗa ko ya ƙi karɓar komai, ba a jiran ki tashi daga aiki, a kira ki a haɗu a asibiti.

In kuma kin yi iya yinki bai isa ba, aka ce a cike da madara, ki cike a bisa shawarar ma'aikatan lafiya, ki ci gaba da ba shi nono safe da dare. Ba a yaye yaro don ya sha gwangwani ɗaya.

Da ya cika wata shida ya fara kunu mai kauri da abinci mai laushi, sai a fara ba shi ruwa a kofi, kuma abin da kike bari zai riƙa raguwa da kansa. Kada ki yanke tatsa rana ɗaya, nono zai kumbura. Ki fara sauke ta la'asar, ki jira mako guda ko biyu, sannan ta hantsi, ki bar ta bayan azahar har ya kusa shekara. Daga nan na daina ɗaukar kula, na mayar da makullin ɗakin takardu. Shan asuba da na dawowa da na dare suka ci gaba har yaye.